Falle na Takwas

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Mayu, shekarar 2024, da ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, Badaruddeen ya shigo gidana da kyamararsa. Daga wannan ranar aka fara cutata. Na rubuta rana da lokaci ne don kada gobe wani ya ce tsufa ya sa na rikice. Sunana Malama Sakinatu Abdulƙadir. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ban taɓa rubuta wa yara abin da ban tabbatar ba a allo, kuma ba yanzu zan fara ba.

Badaruddeen ɗan wata tsohuwar ɗalibata ne. Layi biyu ne tsakanin gidansu da nawa a nan Nassarawa GRA. 'Yata Nabiha ce ta kawo mini maganarsa. Ta ce yana bin gidaje yana ɗaukar hoton tsofaffin kayan gado, kafin su lalace ko jikoki su miƙa wa 'yan gwangwan. Na ga abin da kyau, na amince, amma da sharaɗi. Na ɗauki takarda na jera abubuwa bakwai, kowanne da lambarsa: agogon aljihun mahaifina, gafakar Alƙur'anin kakana, tandun kwallin mahaifiyata, mundayenta na azurfa, mazarinta, tasar jan ƙarfe, da wata fitilar aci-balbal. Sai na ja layi a ƙasa na rubuta cewa abin da ke ƙarƙashin farin ƙyalle, a kan akwatin ƙarfe, ba ya ciki. Kada a taɓa shi, kada a ɗauke shi hoto. Ya karanta a gabana, ya ce, "An gama, Mama."

Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen akushi ne, baƙi, na kakata Iya Larai, a kife a kan faifai. Kafin ta auri kakana tana cikin masu bori. Da ta tuba ta bari, abin da ke kanta bai bar ta ba. Kakana malami ne. An ce kwana bakwai ya yi yana karatu, a rana ta bakwai ya ɗauki akushin da take zuba wa abin nan nono, ya kife shi a kan faifai, ya ce kada a ƙara buɗewa. Daga nan ta samu lafiya. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan, ni kuma ban ƙara tambaya ba. Ni ba mai camfi ba ce. Amana aka bar mini, na riƙe. Lokacin da muka taso daga cikin gari zuwa wannan gida a 1978, mahaifiyata a cinya ta ɗora shi, hannu ɗaya a bayan akushin, ɗaya a ƙarƙashin faifan, mahaifina yana jan mota a hankali har masu keke suna wuce mu. Duk Juma'a nakan ɗage ƙyallen in goge bayansa da tsumma. Ban taɓa ganin cikinsa ba.

Yaron ya zaɓi ɗakin ajiya, inda akwatin ƙarfen yake a kusurwa, saboda tagarsa yamma take kallo. Kyamarar akwatin katako ce a kan ƙafa uku, tsakiyarta kamar zugazugin maƙera, tana miƙewa tana naɗewa. A bayanta akwai gilashi mai dishi-dishi, faɗinsa kamar littafin rubutun ɗalibai. Fim ɗin ma girmansa ke nan, falle-falle, kowane hoto da fallensa, a cikin wani siririn gida da ake zurawa a bayan kyamarar. Kafin ya zura sai ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya daɗe yana duba gilashin. Nabiha ta ce masa da wannan akwatin, kafin ya gama ɗaukar hoton amarya ta haihu an yi suna. Ya yi dariya a cikin ƙyallen.

Ya ce in zo in gani. Na sa kaina. Ga agogon mahaifina, tar, har da tsagar da ke jikin gilashinsa, sai dai a juye yake, teburin a sama, agogon yana rataye a ƙarƙashinsa. Ya ce haka kyamarar take nuna komai, sama a ƙasa. Na ce masa na sani, na sha zana wa ɗalibai wannan a ranakun da malamin kimiyya bai zo ba.

Ba zan yi masa rashin adalci ba, yana da natsuwa a aikinsa. Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa gafakar. Da haske ya fara raguwa sai ya riƙa barin idon kyamarar a buɗe ya daɗe, minti biyu, minti huɗu, yana kallon agogon hannunsa. Nabiha ta zo wucewa ta tsaya, ya ce mata, "Wuce abinki, Yaya. Abin da ke motsi ba ya fitowa. Sai abin da ya zauna cak."

Ƙarfe shida da rabi ya gama na bakwai. A daidai lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofar waje. Maƙwabciyata Tamar ce, mutuniyar Zariya, tare muka koyar shekara ashirin. Ta zo aron na'urar awon jini. Na kai mata har bakin get. Iska ba ta motsi. Mangwaron da ya faɗi a gefen titi yana wari mai zaƙi, jemagu sun fara tashi daga bishiyoyi. Muka tsaya tana ba ni labarin ciwon gwiwarta. Minti goma sha ɗaya na yi a waje. Na duba agogo.

Tun daga baranda na ji warin.

Nono ne mai tsami. Nonon da ya kwana a ƙwarya. A gidana ba a sayi nono ba a makon nan.

Na shiga ɗakin ajiya. Kyamarar ta juya. Tana kallon kusurwa. Farin ƙyallen yana ninke a kan kujera, akushin a fili. Nabiha tana can tsakar gida tana waya. Badaruddeen yana tsaye da agogo a hannu.

Na ce ya rufe idon kyamarar. Ya ce, "Saura minti ɗaya, Mama. Wallahi ban taɓa shi ba. Ƙyallen kawai na ɗage."

Na sake cewa ya rufe. Bai rufe ba sai da mintinsa shida suka cika. A lokacin ladan ya fara kiran sallar magariba.

Na ce ya zare fim ɗin, ina so in ga abin da ya auna. Ya zare, ya buɗe idon. Na sa kaina a cikin baƙin ƙyallen. Ciki da zafi, da warin gumin yaron.

Sai a lokacin na gane abin da aka yi. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa akushin ba. Amma a cikin gilashin komai a juye yake. Akushin da aka kife tun kafin a haife ni, ga shi nan zaune a kan gindinsa, bakinsa yana kallon sama. Faifan da ke ƙarƙashinsa ya koma sama, ya zama marufi.

Marufin kuma ya goce. Kamar faɗin yatsa.

Na fito da kaina na dubi kusurwar. Akushin yana nan daidai a tsakiyar faifansa.

Na mayar da kaina. Gocewar ta kai yatsa uku.

Na fizge ƙyallen na ce ya kwashe kayansa. Ya ba ni haƙuri a bakin ƙofa, ya ce hasken ne ya sauka a bayan ƙyallen, ya kasa daurewa. Na ce masa ɗalibin da ya ga amsa a takardar maƙwabcinsa shi ma haka yake cewa.

Washegari Juma'a na zo goge akushin kamar yadda na saba. Shekara da shekaru, in zobena ya bugi bayansa, sauti yakan fito a toshe, kamar ka bugi tulu cike da ruwa. Ran nan zoben ya buga, sautin ya fito fayau. Na mayar da ƙyallen, na ja ƙofar.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana na yafa mayafina na taka zuwa gidan su Badaruddeen. Rana tana dukan ƙeya. Na same shi a ɗakunan baya, inda ya mayar da wani tsohon banɗaki ɗakin wankin hoto. Na ce ya ba ni falle na takwas in shanya shi a rana ya mutu. Ya sosa kai. Ya ce ya riga ya zazzage duka takwas ɗin a kwali ɗaya, kuma kafin a wanke babu yadda za a gane wanne ne wanne. Ya ce in koma gida, zai wanke ya kawo mini. Na ce wanda ya karya mini sharaɗi ranar Alhamis ba zan bar shi shi kaɗai da fallen ranar Asabar ba. A gabana za a wanke.

Ya ce irin wannan fim ko jar fitila ba ya so. Duhu ne ƙirin, na minti goma. In aka buɗe ƙofa a tsakiya, duka sun tafi, har da na agogon da na gafakar. Na ce na ji. Muka bar wayoyinmu a waje.

Ɗakin ƙarami ne, in ka miƙa hannu biyu sai ka kusa taɓa bango da bango. Tebur a dama da faranti uku masu zurfi cike da ruwan magani. Warinsu kamar ruwan khal, mai tsamin nan da ake zuba wa salak. Ya ajiye mini benci a hagu, kusa da ƙofa. Ya sa sakata, ya toshe ƙasan ƙofar da tawul, ya kashe fitila.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Na ɗaga hannuna har ya taɓa hancina, ban ga komai ba.

Na ji ya buɗe kwalin. Na ji fallayen suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce dole ya riƙa zaro na ƙasa yana ɗorawa a sama, yana ƙirgawa, don kada su manne. Ya fara, a hankali. Ɗaya. Ruwa ya yi cakal. Biyu. Har takwas. Ya koma farko.

Na ƙirga tare da shi a zuci. Zagaye na biyu, takwas. Na uku, takwas.

A na huɗu ya ce takwas, ruwan ya sake yin cakal, ya ce tara.

Sannan ya ce ya yi kuskure.

Bai yi kuskure ba. Ni ma tara na ji.

Warin khal ya ja baya. Nonon ya shigo.

Bencin da nake kai ya yi ƙara ta ɗaya gefen. Katakon ya ɗan lotsa, kamar yadda yake yi in mutum mai jiki ya zauna. Wani zane mai kaushi, irin saƙin hannu, ya gogi hannuna.

Na riƙe jakata da hannu biyu. Na kama Ayatul Kursiyyu a zuci.

Ruwan ya daina motsi.

"Mama," ya ce, da ƙyar nake jinsa. "Kin taso ne?"

"Ina zaune."

"To wa ya riƙe mini hannu?"

Numfashi nake saurare. Nasa yana can dama, da sauri-sauri. Nawa na riƙe shi. Akwai na uku, a gefen kunnena na hagu, a hankali, mai sanyi.

Yatsu suka sauka a goshina.

A jiƙe suke. Suka bi girata. Suka bi gefen tabarauna. Suka sauko kan hanci, suka tsaya a leɓe, suka zagaya haɓa. Ba da mugunta ba. A tsanake, kamar tela yana awo.

Sai muryar ta zo. Ta tsohuwa ce, a dishe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Ya sunanki?"

Tun muna yara mahaifiyata ta hana mu abu ɗaya: faɗa wa muryar da ba mu ga mai ita ba sunanmu. Na cije harshena har na ji ɗanɗanon jini.

"'Yar nan. Ya sunanki?"

Ta juya wajen yaron. Na ji numfashin ya bar kunnena.

"Kai. Wace ce wannan?"

Badaruddeen yana kuka. Abin da yake iya faɗa kawai, Mama, Mama. Na gode wa Allah da ya sa yaron bai taɓa kirana da sunana ba.

Na miƙe. Ƙofar tana kusa da kafaɗata lokacin da na zauna. Na kai hannu, bango. Na matsa, bango. Na ci gaba da lalube, taku uku, huɗu, biyar, a ɗakin da bai kai taku uku ba.

Aka riƙe mayafina ta baya.

Aka ja. A hankali. Wuyana ya fara komawa baya.

Ɗan yatsana ya taɓa ƙarfe. Sakata.

Na sunkuyar da kai na zame daga cikin mayafin, na zare sakatar, na faɗa waje a kan gwiwoyina.

Rana tana nan yadda na bar ta. Wata kaza tana tono a gindin lemo. Badaruddeen ya rarrafo bayana ya zauna a ƙasa, hannayensa suna ɗiga. Daga baya ya koma ciki, ƙofa a buɗe, fitila a kunne. Mayafina ba ya ɗakin. Ba ya ƙarƙashin benci, ba ya bayan tebur. Ɗakin ba shi da taga.

Fallaye takwas ya tarar a farantin. Bakwai sun yi baƙi wuluk, hasken da na shigar ya cinye su. Agogon mahaifina, gafakar kakana, duk sun tafi. Ɗaya ne kawai bai yi komai ba. Ya ƙarasa wanke shi, ya fito da shi, ya ɗaga wa rana.

A jikin fim fari baƙi ne, baƙi fari, amma ana gane komai. Ga tagar ɗakin ajiyata. Ga akwatin ƙarfe. Duk a daidai suke, babu abin da ya juye. Akushin ne kaɗai a zaune, baki a sama, babu komai a ciki. Faifan yana ƙasa. Nabiha ta gaya mini sau biyu ta gifta a cikin mintunan nan shida tana neman caja, kuma ko inuwarta babu. Amma a gefen akwatin akwai mace zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta juya rabin baya, kanta a lulluɓe. Ta fito tar, har zaren zaninta ana gani. Minti shida ta yi ko ƙifta ido ba ta yi ba, a ɗakin da ni da yaron muke tsaye.

Mayafin da ke kanta nawa ne. Na gane furannin gefensa, na gane ɗinkin da na yi da hannuna a inda ƙofar mota ta taɓa yaga shi. Ranar Alhamis mayafin nan yana ninke a cikin durowata, hijabi ruwan ƙasa na sa, Tamar shaida ce. Sai ranar Asabar aka karɓe shi a kaina. Hoton kuma na Alhamis ne.

A nan na yi kuskure, kuma na yarda nawa ne. Ban karɓi fallen ba. Ban so in taɓa shi, ban so ya shiga gidana. Na sa aka kira mahaifiyarsa, ya rantse a gabanta zai ƙona shi kafin magariba. Ranar Litinin ya kira ni ya ce ya ƙona. Na ce Allah ya yi masa albarka.

Mako bakwai ban ji komai ba. Warin ya tafi. Na samu limamin unguwarmu na gaya masa, ya zo ya yi karatu a ɗakin ajiya, ya ce in kwantar da hankalina, abin da bai san sunan mutum ba ba shi da igiyar riƙe shi.

Ranar Asabar shida ga Yuli wata tsohuwar ɗalibata ta turo mini hoto a waya, ta rubuta cewa na yi kyau, ashe har yanzu ina da mayafin nan. An buɗe baje kolin hotuna a wani zaure a nan Nassarawa. Washegari na je. Hoton da aka ce an ƙona yana bangon tsakiya, tsawonsa ya kai ƙofa. A ƙarƙashinsa an manna farin kati: Malama Sakinatu Abdulƙadir da akushin borin kakarta, Nassarawa GRA, minti shida. An gaya mini ranar buɗewa Badaruddeen da bakinsa ya karanta katin a lasifika, mutane suka tafa.

Na same shi a tsaye da baƙi. Na jira suka tafi, domin ni ba na tozarta yaro a gaban mutane. Na tambaye shi wannan ce tokar? Ya ce ya kunna ashana ya kasa, ya ce hoto irin wannan sau ɗaya mutum yake samu a rayuwarsa. Na ce to sunana fa? Ya ce masu shirya taron ba sa rataye hoton mutum babu suna, dokarsu ce.

"Mama, in ban sa ba za a tambaye ni wace ce. Me zan ce?"

Na ce, "Kana ɗakin lokacin da ita ma ta tambaye ka."

Ya dubi ƙasa. Ya ce zai cire katin. An cire bayan kwana uku, bayan hoton da katin sun gama yawo a wayoyin mutanen Kano.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi a taƙaice. Matan da nake koya wa karatu a Islamiyyar unguwa sun aiko mini da saƙo cikin ladabi cewa in ɗan huta tukuna, mazajensu sun ga hoton. Shekara tara ina koyar da su ban karɓi ko sisi ba. Wannan ya yi mini ciwo, amma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ɗalibaina biyu, kowacce daban, sun ce sun gan ni a zauren nan da yamma, ina tsaye gaban hoton har aka rufe. Sau ɗaya na taka wurin, kuma da safe.

Tamar ta yi fushi da ni kwana biyu. Ta ce ta gaishe ni a bakin get ana shirin magariba, na dube ta na yi shiru na shige. Ranar ina Kawaji wurin suna, sai bayan isha'i aka dawo da ni.

Ranar Talatar da ta wuce ta zo mayar da na'urar awon jinin. Ina zaune a falo, Nabiha tana kusa da ni tana yanka albasa a faranti. Tamar ta tsaya a baranda ta yi kira kamar yadda ta saba, "Malama Sakinatu!"

Na buɗe baki.

Daga ɗakin ajiya aka ce, "Na'am."

Da muryata. Har da ɗan tarin da nake yi kafin in amsa.

Nabiha ta ajiye wuƙar. Ta dube ni ta daɗe, kuma na ga abin da ke idonta. So take ta tabbatar wacce ke zaune kusa da ita. Ni na haife ta. Yanzu tana gidan yayanta a Tudun Murtala, tana roƙona kullum in biyo ta. Ba zan bar gidan mahaifina ba. Kuma in na tafi, wadda ta rage a ciki da sunana za ta zauna.

Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni a gidan nan, tana riga ni amsawa.

Na koma wurin liman. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce abin da aka bayar a bainar jama'a, wanda ya bayar ne zai janye, kuma a bainar jama'a. Na tambaye shi ko hakan zai isa. Ya ce bai sani ba. Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba.

Na rubuta wa Badaruddeen takarda sau biyu, na aika wa mahaifiyarsa sau ɗaya. Amsar da na samu saƙon waya ne mai layi biyu, yana cewa in yi haƙuri, Allah ya huci zuciyata. Ban karɓa ba. Ba a ɓoye ya yi abin da ya yi ba, ba kuwa a ɓoye zai gyara ba. Ba na neman diyya, ba na neman a rufe masa sana'a. Yaron yana da hannu, Allah ya ba shi hankali daidai da shi.

Ga abin da nake nema. Ya kawo fallen nan gidan liman a naɗe, in ga an ƙona shi da idona. Sannan masu zauren su sake tara mutanen da suka tara ranar shida ga Yuli, su kunna lasifikar da suka kunna. Badaruddeen ya tsaya a inda ya tsaya, ya faɗi cewa ya karya sharaɗin da na rubuta masa, ya yi rantsuwa ya saɓa, ya yi ƙarya a kati. Ya nemi gafarata da ta iyayena da ke ƙasa. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji, ya ce wadda ke cikin hoton nan ba Malama Sakinatu Abdulƙadir ba ce, bai san ko wace ce ba, kuma sunan da ya ba ta ba nasa ba ne, ya janye. A buga wannan a duk inda aka buga hoton.

Na ba shi zuwa ƙarshen watan nan. Zan zo da wuri in zauna a layin gaba. Kafin ya fara, ya sauko ya gaishe ni, ya dube ni da kyau, ya tabbatar ni yake ba haƙuri.